Taitus ya yi ƙaura, takardar rabo ta tsaya inda take

Na daɗe ina sayen kifin ƙanƙara a wurin wani bawan Allah mai shago a bakin kasuwar unguwarmu, amma sai a 'yan watannin nan ne na tsaya na karanta rubutun da ke jikin kwalin da yake ciro taitus daga ciki. Abin da ya sa na duba shi ne amsar da ya ba ni ranar da na yi ƙorafin tsada, domin cewa ya yi, "Haba Alhaji, wannan kifi ai ba a Dam ɗin Tiga ake kama shi ba, daga ƙasar Turawa yake zuwa, yadda dila ya ba mu haka muke sayarwa. In ya yi maka nauyi ka koma wa shawa." A jikin kwalin an rubuta Norwe. Na san faɗuwar darajar naira da kuɗin dako da man janareton da ke riƙe da ɗakin sanyi su ne kan gaba a dalilan tsadar, kuma ba zan yi musun haka ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma da na bi diddigin kifin har zuwa tekun da ya fito, sai na tarar da wata rigima da ƙasashe masu arziki da ilmi suka shafe fiye da shekara 15 suna yi a kansa ba tare da sun warware ta ba.

Kifin da muke kira taitus shi ne makarel na arewa maso gabashin Tekun Atilantika, mai baƙin zane a gadon baya da yawan mai a jiki. Matafiyi ne. A farkon rabin shekara yakan taru a yammacin Ailan da Sikotilan har zuwa gaɓar Faransa da Sifen ya zuba ƙwai, idan kuma lokacin zafinsu ya shigo, wato wajen watan Yuni zuwa Satumba, sai ya nausa arewa yana kiwon ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa har ya yi ƙiba, kana ya juyo kudu kafin sanyi ya tsananta. A cikin wannan zagaye na shekara guda yakan ratsa ruwan ƙasashe da dama da kuma sararin tekun da ba mallakin kowa ba ne, kuma daga nan matsalar ta samo asali.

Harkar su a waɗannan tekuna tana tafiya ne a kan mataki biyu. Na farko na masu lissafi ne. Akwai wata tsohuwar majalisar binciken teku da aka fi sani da ICES, wadda aka kafa a 1902 kuma mazauninta yake a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, kuma ita ce ke tattara bayanan jiragen bincike da na abin da masunta suka sauke a tashoshi, ta ƙiyasta yawan kifin da ke cikin ruwa, sannan ta ba da shawarar adadin tan ɗin da za a iya kamawa a shekara mai zuwa ba tare da an taɓa iyayen da za su hayayyafa ba. Game da makarel, ɗaya daga cikin dabarun da ake bi ita ce, duk bayan shekara 3 jirage su fita su ɗebo ruwa a wuraren da kifin ke zuba ƙwai, a ƙidaya ƙwan da ke ciki, daga nan a lissafo yawan iyayen da suka zuba shi. Mataki na biyu na 'yan siyasa ne, wato a zauna a raba wannan adadi tsakanin ƙasashe, kowace ta san kasonta, ita kuma ta raba wa jiragenta.

Rabon yana dogara ne a kan iyaka da kuma tarihi. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓa iko da albarkatun ruwanta har zuwa mil 200 na ma'aunin teku, kimanin kilomita 370 ke nan, kuma ƙasar Aisilan tana cikin waɗanda suka sha gwagwarmaya kafin a kai ga haka, domin tsakanin 1958 da 1976 sau uku jiragen tsaron gaɓarta suna artabu da jiragen su da na sojan ruwan Birtaniya, tana faɗaɗa iyakarta daga mil 4 zuwa 12, sannan zuwa 50, har zuwa 200. Ita kuwa Tarayyar Turai, lokacin da ta tsara rabon kifi tsakanin mambobinta a 1983, ta ɗauki abin da kowace ƙasa ta kama tsakanin 1973 da 1978 ta mayar da shi ma'auni na dindindin. Duk wannan gini an ɗora shi ne a kan zato guda wanda babu wanda ya ga buƙatar rubuta shi a takarda: cewa inda kifi yake bara, nan za a same shi baɗi. Shekaru da yawa zaton bai ba da kunya sosai ba. Amma binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki 4 fiye da matsakaicin ɗumamar duniya, kuma kifi ba shi da riga balle fanka, jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki ne, saboda haka idan ruwa ya sauya, ko dai ya tashi ko kuma ya sha wahala a inda yake.

Kafin 2006 abin da jiragen Aisilan ke kamawa na makarel bai taka kara ya karya ba, kuma yarjejeniyar rabon da ake da ita tsakanin Tarayyar Turai da Norwe da Tsibiran Faro (ƙananan tsibirai masu cin gashin kansu a ƙarƙashin Denmak, tsakanin Aisilan da Norwe) take kawai. Daga nan sai kifin ya fara shigowa ruwan Aisilan garke-garke a duk lokacin zafi, ta yadda zuwa 2008 abin da ƙasar ta kama ya haura tan 100,000. A 2010 Aisilan ta yanka wa kanta tan 130,000 ba tare da amincewar kowa ba, Tsibiran Faro su ma suka fice daga tsohon rabo suka ɗaga nasu zuwa tan 85,000. A watan Agusta na wannan shekara masuntan Sikotilan suka tare tashar Peterhead suka hana wani jirgin Faro mai suna Jupiter sauke makarel ɗin da ya ɗauko. Kifin bai tsaya a Aisilan ba. Ya ci gaba yamma har gabashin Girinlan, inda a 2014 ya zama kusan kashi 23 cikin ɗari na darajar kayan da tsibirin ya fitar waje, alhali 'yan shekaru kafin nan babu wani masunci a can da ya san shi a matsayin abin kasuwa. A 2013 ma an kama shi a Svalbard, tsibiran da ke can arewa da Norwe inda a da sai kifin da ya saba da ƙanƙara ke rayuwa.

Na karanta hujjojin ɓangarorin biyu da niyyar in gano mai gaskiya, kuma abin da ya ba ni wahala shi ne kowannensu yana da tasa. Norwe da Tarayyar Turai, musamman Ailan da Sikotilan (yankin Birtaniya, wadda a lokacin tana cikin Tarayyar) waɗanda makarel ne mafi darajar kifinsu, suna cewa su ne suka shekara suna kame hannu har garken ya yawaita, saboda haka babu adalci wanda bai yi noma ba ya zo da babban buhu ranar girbi. Aisilan kuma tana cewa kifin yana shigowa ruwanta a rame, ya cinye abincin da kifayenta da tsuntsayen gaɓarta suka dogara da shi, ya fita da ƙiba, kuma dokar duniya ta ba ta iko da abin da ke cikin mil 200 nata; idan garken wani yana kiwo a filinka duk shekara, ai ba za a ce ko nono ba ka da haƙƙin sha ba. Ga ƙasa mai mutane ƙasa da rabin miliyan wadda bankunanta suka durƙushe a 2008, zuwan wannan kifi tamkar arziki ne da ya faɗo daga sama, kuma rikicin makarel yana cikin abubuwan da suka dagula neman shigarta Tarayyar Turai, wanda ta fara a 2009 ta kuma jingine bayan 'yan shekaru.

An yi zama iri-iri. A 2013 Tarayyar Turai ta kai ga hana shigo da shawa da makarel daga Tsibiran Faro saboda wata taƙaddama makamanciyar wannan a kan kason shawa, ta kuma janye takunkumin a shekarar da ta biyo. A watan Maris na 2014 Tarayyar Turai da Norwe da Faro suka cimma matsaya, inda Faro ta samu kashi 12.6 cikin ɗari, Norwe kashi 22.5, Tarayyar kashi 49 da ɗoriya, aka bar kashi 15.6 ga sauran, wato Aisilan da Girinlan da Rasha, waɗanda ba su sa hannu ba kuma suka ci gaba da yanka wa kansu abin da ya fi haka. Wannan yarjejeniya ma ba ta wuce ƙarshen 2020 ba, domin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara sabon mai neman kaso a teburin, kuma a 2021 Norwe ta ɗaga nata zuwa kashi 35, Faro kuma zuwa 19.6. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda a 'yan shekarun nan ƙasashen sukan hallara, su amince baki ɗaya da jimillar da masana suka ba da shawara, su sa hannu, sannan kowace ta koma gida ta sanar da kason da take ganin ya dace da ita daga cikin wannan jimilla. Idan aka tara kason, sai ya zarce ɗari bisa ɗari da nisa. Tun daga 2010, abin da ƙasashen suka yanka wa kansu ya haura shawarar ICES da kusan kashi 40 cikin ɗari a matsakaici, kuma kowace hukuma tana da takardar da ke nuna cewa ita dai tana bin ƙa'ida, maƙwabtanta ne masu haɗama. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A watan Maris na 2019 hukumar MSC, mai bai wa kifin da aka kama bisa ƙa'ida shuɗiyar alamar da manyan kantunan Turai ke nema, ta dakatar da shaidarta ga makarel na wannan yanki.

A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara da ɗora wa sauyin yanayi kowane laifi. Masanan da suka bi ƙaurar makarel sun nuna cewa ɗumin ruwa ya buɗe masa hanyar arewa da yamma, amma yawan da garken ya yi a wancan lokaci shi ma ya tilasta masa bazuwa neman abinci. Shaidar haka ita ce, da garken ya fara raguwa bayan tsakiyar shekarun 2010, sai ya janye daga ruwan Girinlan, ya yi ƙaranci a na Aisilan, har ta kai wasu shekarun jiragen Aisilan sai sun yi doguwar tafiya zuwa sararin tekun da ba na kowa ba tsakaninsu da Norwe kafin su cika kasonsu. Ɗumamar teku ce ta motsa kifin daga mazauninsa, amma ba ita ce ta kama tan dubu ɗaruruwa fiye da ƙima kowace shekara ba. A ƙarshen Satumban 2025 ICES ta ba da shawarar a rage kamun 2026 da kusan kashi 70 cikin ɗari, saboda yawan iyayen kifin ya faɗi ƙasa da mizanin da ake ganin hayayyafa za ta iya tawaya.

Da na juya zuwa Tekun Barents, wanda ke arewa da Norwe da Rasha, sai na ga wani salo daban. A nan ne garken kifin kod mafi girma a duniya yake, kuma shi ma yana da alaƙa da tukunyarmu, ko da yake ya fi shiga miyar mutanen kudu. Tsakanin Janairu da Afrilu manyan kod sukan gangaro daga Barents zuwa tsibiran Lofoten su zuba ƙwai, masunta su kama su, a rataye su a kan manyan rumfunan katako iskar sanyi ta busar da su tsawon watanni ba tare da gishiri ko hayaƙi ba. Mafi kyawunsa Italiya yake tafiya, kawunan da matsakaicinsa kuma Najeriya ce babbar kasuwarsu, shi ne abin da Ibo ke kira okporoko, wanda duk mai zagaya Sabon Gari ya san warinsa. Norwe da tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun ƙulla yarjejeniyar kula da wannan kifi a 1975, a tsakiyar yaƙin cacar baka, kuma tun daga 1976 hukumar haɗin gwiwarsu take zama duk shekara. Ƙa'idar rabon ba ta da sarƙaƙiya: a cire abin da za a bai wa wasu ƙasashe, ragowar kod a raba shi biyu daidai. Wannan kaso bai sauya ba ko da kifin ya karkata gabas ko yamma, domin kowane ɓangare yana barin jiragen ɗayan su shigo ruwansa su kama wani yanki na kasonsu. A ganina wannan sassauci ne ya hana ƙaurar kifi zama dalilin faɗa a can.

Da farko ɗumamar ta yi wa kod na Barents rana. Ruwan Atilantika mai ɗumi ya ƙara kutsawa arewa, ƙanƙarar da ke rufe saman teku ta ja baya, makiyayar kod ta faɗaɗa har arewa da Svalbard, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da ƙasashen biyu suka kafa tsayayyar ƙa'idar kamu suka kuma murƙushe satar kifin da ta yi ƙamari a farkon shekarun 2000. A 2013 an yanka kaso na tan miliyan 1. Ƙananan kifayen da asalin gidansu ruwan ƙanƙara ne su suka biya kuɗin wannan bunƙasa, domin an matse su can ƙuryar arewa maso gabas, babban baƙo yana cin su yana cin abincinsu. Sai dai bunƙasar ba ta ɗore ba. Shekara bayan shekara 'ya'yan kifin da ke rayuwa har su girma suka yi ta zuwa da ƙaranci, manyan da aka haifa a shekarun albarka suka ƙare, aka shiga rage kaso da kashi 20 cikin ɗari a 2022 da 2023 da 2024, sannan aka sauke shi zuwa tan 340,000 a 2025, adadin da a lokacin ba a ga ƙasa da shi ba tun 1991. Ƙa'idar da ke hana a rage ko a ƙara fiye da kashi 20 a shekara guda an yi ta ne domin masunta da masana'antu su iya tsara rayuwarsu, amma idan garke yana raguwa da sauri, ita kanta takan sa ragin ya riƙa zuwa a makare.

Abin lura shi ne an yi waɗannan rage-rage masu ciwo a lokacin da dangantakar Rasha da ƙasashen Yamma ta lalace. Bayan mamayar Yukren a 2022 ICES ta dakatar da Rasha, amma cibiyar binciken teku ta Norwe da ke Bergen da takwararta ta Rasha suka ci gaba da yin lissafin tare, hukumar haɗin gwiwar ta ci gaba da zama ta intanet, Norwe kuma ta bar tashoshi 3 a buɗe ga jiragen su na Rasha, wato Tromso da Batsfjord da Kirkenes. An soki Norwe a kan haka. Dalilinta kuwa a fili yake: ƙananan kod suna girma ne galibi a gabas, ɓangaren Rasha, manyan kuma suna zuwa yamma, kuma idan haɗin gwiwar ya rushe, jiragen Rasha za su koma kama ƙanana a ruwansu kafin su kai shekarun haihuwa, asarar ta hau kan kowa.

Sai kuma Tekun Bering, tsakanin Alaska da gabashin Rasha, wanda labarinsa ya fi tayar mini da hankali, saboda a can babu ƙasashe shida masu ja-in-ja, kuma tsarin kula da su na Alaska yana cikin waɗanda ake buga misali da su wajen bin shawarar masana. A kowane lokacin sanyi ƙanƙara takan rufe babban ɓangare na wannan teku, idan ta narke kuma sai ta bar wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai tsananin sanyi a ƙasa, wanda bai kai digiri 2 ba, ya kwana a can har tsawon lokacin zafi. Wannan ruwa shi ne mafakar wata ƙaguwa mai dogayen ƙafafu da ake kira ƙaguwar dusar ƙanƙara, domin kifayen da ke cin 'ya'yanta ba sa son shiga cikinsa. A 2018 jiragen bincike suka ƙidaya ƙananan ƙaguwa masu yawan da ba a taɓa gani ba, masunta suka fara lissafin shekarun wadata. A daidai wannan lokaci, a sanyin 2018 da na 2019, ƙanƙarar ta yi ƙarancin da ba a taɓa rubuta irinsa ba, kwanciyar ruwan sanyin ta kusan ɓacewa. A 2020 annobar korona ta hana jiragen bincike fita. Da suka fita a 2021, ƙaguwar babu ita. Fiye da biliyan 10 ne suka ɓace tsakanin 2018 da 2021, kuma a watan Oktoba na 2022 hukumomin Alaska suka soke kakar kamun wannan ƙaguwa a karon farko a tarihi, suka sake sokewa a shekarar da ta biyo.

Binciken da masanan NOAA, hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, suka wallafa a mujallar Science a 2023 ya nuna cewa yunwa ce ta fi kashe su. Zafin bai kai wanda zai hallaka ƙaguwa kai tsaye ba, amma ruwa mai ɗumi yana hanzarta aikin jikinta ta riƙa buƙatar abinci fiye da da, ga shi kuma sun yi cunkoso a ɗan wurin da ya rage mai sanyi. Babu wani kaso da za a yanka wanda zai hana wannan, tun da yawancin waɗanda suka mutu ba su ma kai girman da doka ta yarda a kama ba. Abin da ya fito fili shi ne raunin lissafin da ake dogara da shi, domin yana ɗaukar cewa adadin da ke mutuwa da kansa kowace shekara kusan ɗaya ne, mai sauyawa kawai shi ne abin da ɗan Adam ya kama. Tsibirin Saint Paul, mai 'yan ɗaruruwan mutane waɗanda akasarinsu 'yan asalin yankin ne na ƙabilar Unangan, kuɗin shigar hukumar garinsa ya dogara ne kusan kacokan a kan harajin ƙaguwar da ake saukewa a masana'antar da ke wurin, kuma cikin shekara guda wannan hanya ta toshe. A kudu da nan, a Mashigin Alaska, irin wannan ɗumamar ruwa ta 2014 zuwa 2016 ta riga ta sa an zaftare kason kod na Fasifik da kashi 80 cikin ɗari a 2018, aka rufe kamunsa a ruwan gwamnatin tarayya a 2020.

Ban iya karanta waɗannan labarai ba tare da Tafkin Cadi ya faɗo mini a rai ba. Lokacin da tafkin ya ja baya a shekarun fari na 1970 da 1980, masunta daga ɓangaren Najeriya, ciki har da Hausawa da yawa, sun bi ruwa da kifi gabas suka kafa garuruwa irin su Darak a ƙasar da taswira ta ce ta Kamaru ce, hukumomin Najeriya kuma suka bi mutanensu, har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2002 cewa iyaka tana nan inda aka shata ta. Masunci ya san inda kifi ya koma tun kafin ma'aikatar gwamnati ta ji labari, kuma tsakanin saninsa da ranar da takarda za ta amince da abin da ya sani akwai shekaru masu yawa.

Wuri ɗaya ne na ga an yi ƙoƙarin rubuta takardar kafin kifin ya iso. A tsakiyar Tekun Aktik akwai sarari mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.8 da ke wajen mil 200 na kowace ƙasa, wanda ƙanƙara ta rufe tun fil azal, amma yanzu wani ɓangarensa yakan buɗe a lokacin zafi. Waɗanda suka matsa a yi wani abu a kansa suna tune da abin da ya faru a tsakiyar Tekun Bering a shekarun 1980, inda jiragen ƙasashe da dama suka yi wa folok, wani farin kifi dangin kod, rubdugu a wani ɗan sarari da ba na kowa ba, kafin a dakatar da kamun a 1993 garken ya riga ya ƙare, kuma har yau bai farfaɗo ba. A watan Oktoba na 2018, a garin Ilulissat na Girinlan, ɓangarori 10 suka sa hannu a yarjejeniyar hana kamun kifi na kasuwanci a tsakiyar Aktik har sai an yi binciken da zai nuna abin da ke ciki: Amurka da Kanada da Rasha da Norwe da Denmak a madadin Girinlan da Faro, sai Aisilan da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai. Ta fara aiki a watan Yuni na 2021, za ta yi shekara 16, kuma an tanadi a saurari ilmin 'yan asalin yankin irin su Inuit a cikin binciken. Abin yabo ne, amma ba na ruɗin kaina game da dalilin da ya sa ta yi sauƙin ƙulluwa: babu jirgi ko ɗaya da ke su a wurin, babu masana'antar da za a rufe, babu ɗan majalisar da masuntan mazaɓarsa za su tare a hanya. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a Ilulissat su ne dai waɗanda suka kasa raba makarel a tsakaninsu, kuma ainihin gwajin yarjejeniyar zai zo ne a 2037, ko kuma ranar da jirgin bincike ya dawo da labarin cewa akwai kifin da ya isa a sayar.

Na koma wurin mai kifina a makon da ya wuce na bi shawararsa, na ce ya auna mini shawa. Yana cikin yanka ta na duba kwalin, na ga ita ma daga arewacin Atilantika ta fito. Babban garken shawa na ruwan Norwe da Aisilan da Faro, tare da wani siririn farin kifi da ke cikin waɗanda ake sayar mana da sunan fanla, su ma ƙasashen nan ne ke rabonsu, su ma kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta kaso, kuma su ma MSC ta dakatar da shaidarsu a ƙarshen Disamban 2020 saboda jimillar kamun ta zarce abin da masana suka ce. Ban gaya masa ba, domin akwai mutum uku a bayana suna jiran a sallame su.